Littafin aikin kifin zebra: hanji, dalma da ƙwaƙwalwa

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Alhamdulillah kifayen sun iso Gombe yau da safe. Guda 60 na yi oda wajen wani mai kifin ado a Legas, ya ɗaure su a leda biyu ya hura musu oksijin ya sa a kwalin kumfa, suka kwana a hanya. Bakwai sun mutu, sauran suna yawo lafiya sai dai launinsu ya koɗe saboda wahalar tafiya. Na bar ledojin suna iyo a saman tanki wajen rabin awa don zafin ruwan ya zo ɗaya, sannan na dinga ƙara musu ruwanmu kaɗan-kaɗan kafin na sake su. Kifi da kuɗin mota sun ci naira dubu 105. Tankunan gilas uku, hita, famfon iska da filtar soso tun watan jiya na saya, dubu 180, kuma ruwan ya daɗe yana zagayawa ba kifi a ciki, ina ɗan barbaɗa abinci yana ruɓewa domin bakteriyar da ke cinye amoniya su kama soson.

Tambayar aikin guda ɗaya ce. In ɗan kifi ya sha dalma, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjinshi suna rage ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ne, ko ƙara ta suke yi, ko babu ruwansu? Abin da ya sa na maƙale wa dalma ba ɓoyayye ba ne, duk ɗan Arewa ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, a Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ƙurar mai ɗauke da dalma na sauka inda yara ke rarrafe, yara sama da 400 suka rasu, waɗanda suka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. A 2015 aka sake ganin irinta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Jikin yaro yana zuƙe dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, in kuma yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kalsiyam sai zuƙar ta ƙaru. To duk wannan zuƙar a hanji take faruwa, a nan ɗin da ƙwayoyin suke, kuma yaranmu ga gudawa ga antibayotik da ake ɗura musu daga kemis ba takardar likita. Ina so in san ko wannan yana da hannu.

Shi kuma kifin nan ɗan Indiya da Bangaladash ne, tsawonshi bai cika wuce santimita 4 ba. George Streisinger na Jami'ar Oregon ne ya shigo da shi ɗakin gwaji tun shekarun 1970. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinshi. Amma abin da ya fi min amfani shi ne ƙwan, cikinshi tas yake ba bakteriya, a ɓawon suke. In ka iya wanke ɓawon ba ka kashe abin ciki ba, ka samu kifin da bai taɓa haɗuwa da ƙwaya ko ɗaya ba. John Rawls da Jeffrey Gordon suka nuna hakan a 2004. Yin haka da ɓera sai mai ɗakin miliyoyi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na ware maza da mata. Matan cikinsu fari ne a bunƙuse, mazan sirara da ɗan ruwan ɗorawa tsakanin layukan. Mata 24, maza 29. Fitila na kan taima, ta kunnu 7 na safe ta mutu 9 na dare, awa 14 haske awa 10 duhu. Zafin ruwa 28. Takardar izinin yin gwajin daga kwamitin ɗa'a ta fito jiya.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Abincin gwangwani kaɗai ba ya sa su ƙwai sosai, suna son abu mai rai. Na je wajen wani dattijo mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a hanyar Dadin Kowa neman ƙwan atimiya, wato ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashewa a ciyar da kifi, ya auna min rabin gwangwani dubu 22. Da na nuna mishi hoton kifin a waya sai ya ce, "Ɗana, wannan ai ko miya ba zai yi ba, me za ka yi da shi?" Na yi mishi bayani, ya yi shiru can ya ce shi ma ya lura 'ya'yan tarwaɗar da aka cika wa magani a ruwa ba sa ƙwari kamar sauran. Ya koya min yadda yake yi, gorar ruwa a yanke gindi a kifa ta, ruwan gishiri, bututun iska har ƙasa, fitila a kusa, bayan kwana ɗaya a kashe iska a bar ɓawon ya taso sama a zuƙe jajayen daga ƙasa. Wallahi ya fi abin da na karanta sauƙin bi.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na haɗa su jiya da yamma, mace ɗaya namiji biyu a kowace roba. Da fitila ta kunnu sun yi ta kore-kore, amma da na duba ƙwai bai fi 20 ba. Sun cinye abinsu ne, haka suke, ƙwan na sauka suna bi suna tsincewa. Ragar da na shimfiɗa ramukanta sun yi ƙanana ƙwan bai faɗa ƙasa ba. Baba mai kula da ɗakin gwajinmu ya ce a zuba ƙwallayen gilas na wasan yara su rufe gindin robar, ƙwai ya shige tsakaninsu baki ba zai kai ba. Na samo a babbar kasuwa, dubu 6.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ya yi. Ƙwai sun haura 400 daga roba uku.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Wannan kashin ban wanke su ba, kallonsu kawai nake so in koya. Ruwan renon ƙwai na haɗa da ruwan da aka tace, gishiri kala huɗu ne, na sodiyam da fotasiyam da kalsiyam da maganiziyam, sai ɗigon metilin bulu saboda fumfuna. Ƙwan da bai ɗauku ba yakan yi fari fat cikin kwana ɗaya, dole a tsince shi da fifet, siririn bututun zuƙar ruwa, in ba haka ba fumfunarshi ta kama na kusa.

Ranar Asabar da safe, awa 24 da 'yan kai, na sa ɗaya a maikiroskof na ga jelar ta naɗe gwaiduwa tana ɗan fizga, zuciya ta fara bugawa a hankali, kana ganin komai don jikin garau yake. Jiya jini na gudu a jelar, ana ganin ƙwayoyin jinin ɗaya bayan ɗaya. Yau kusan duk sun fasa ɓawo suna kwance a gefensu a gindin faranti, kamar gashin ido da aka ɗora wa idanu biyu. Wata ƙanwata 'yar aji huɗu da aka haɗa ni da ita don furojet ɗinta ta leƙa ta ce, "Yaya, yanzu wannan yana da ƙwaƙwalwa?" Na nuna mata, ga ta nan tsakanin idanun. A rana ta uku nan ne baki ke buɗewa, daga nan bakteriyar ruwa ke fara shiga hanji. Gwaiduwar tana riƙe su har wajen kwana 5 zuwa 7 ba sai sun ci komai ba, kuma wannan tazarar ita ce duk filin da nake da shi.

Talata, 3 ga Disamba

Mummunan dare. An ɗauke wuta tun magariba jiya ba a dawo da ita ba, ga hunturu ya sauko da ƙarfi, janaretan sashe kuma ba a tayar da shi bayan tashi aiki. Na shigo da safe ma'aunin zafi na tanki na kan 19, inkubeta na kan 20. Manyan ba su mutu ba, suna jure sanyi, amma sun taru a gindi ba sa cin abinci, kuma famfon iska ya tsaya duk daren. Ƙwan da na tara ranar Litinin kuwa sun tsaya baya, da ƙarfe 8 ya kamata in ga zuciya na bugawa amma ko jela ba ta gama fitowa ba. Matsalar ita ce duk lissafin shekarun kifin nan an gina shi ne a kan zafi 28.5, in zafi ya sauka girma na raguwa, sai ya zama kifin da kake kira ɗan kwana 6 a takarda bai kai ba a jiki. Ni kuma motsi zan auna, abin da ya dogara kacokan da inda ƙwaƙwalwa ta kai. Na zubar da kashin gaba ɗaya.

Na samu Malama mai duba aikina a ofis na ce, ranki ya daɗe in ba a samu batir ba aikin nan ba zai tafi ba. Ta ce in kawo lissafi. Hita uku da inkubeta sun fi ƙarfin ƙaramar inbata, don haka muka tsaya a kan inkubeta da famfon iska da fitila su hau inbata, tankunan kuma a naɗe su da kumfar silin da tsofaffin barguna da dare. Inbata da batir ɗaya na hannu dubu 310, ta ba da 200 daga ɗan kuɗin bincikenta, na cika sauran. Ban san yadda zan gode mata ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Inbata ta hau. Da bargo tanki bai sauka ƙasa da 25 ba ko da ba wuta. Na ba su hutun ƙwai su murmure.

Litinin, 9 ga Disamba

Wanki na farko. Zan rubuta shi dalla-dalla don wanda zai gaje ni.

Ƙwai na tara 7:30, na ɗauraye su na zuba a ruwan reno da aka dafa aka sa wa magani uku, amfisilin da kanamaisin da amfoterisin B na fumfuna. Suka zauna a inkubeta har bayan azahar, wajen awa 6 da haihuwa. Sannan a cikin hud, wato akwatin nan mai hura tatacciyar iska, na tsince masu kyau na sa su a ruwan aidin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari na minti 2 daidai da agogo, ɗauraya uku, sai ruwan bilic kashi 0.003 cikin ɗari na minti 20, ɗauraya uku kuma, sai a filas, wato kwalbar reno mai murfi, ƙwai 15 a mil 15. Bilic ɗin na kanti ne an rubuta 3.5 a jikin robar, lissafi ya ba ni mil 0.86 a lita ɗaya. Duk abin da zai taɓa ƙwai ya bi ta otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi, safar hannu ana fesa mata sifirit kowane motsi. Filas 12. Bayana ya riƙe amma na ji daɗi.

Laraba, 11 ga Disamba

Kusan duk sun mutu. A filas 12 waɗanda suka rage ba su kai 30 ba, wasu ɓawon ya yi laushi ya manne da jikinsu, wasu sun narke tun daren farko. 'Yan uwansu da ban wanke ba, iyaye ɗaya rana ɗaya, suna nan lafiya, don haka ba daga ƙwan ba ne, daga wankin ne.

Baba ya ɗauki robar bilic ɗin ya buɗe ya shinshina ya zuba kaɗan a yatsa ya murza, ya ce, "Yaro, wannan santsin ya yi yawa, akwai sabulu da ƙamshi a ciki, na wanke bayi ne." Muka gwada ruwan wankin da takardar auna asid, ya haura 9, alhali ruwa zalla 7 yake. Ga shi kuma ba wanda zai rantse abin da aka rubuta a roba shi ne a ciki, wani ya fi wani ya gaza, balle in ya sha rana a shago. Aidin ɗin ma na kemis ne na wanke ciwo. Shawarar da muka yanke, a sayo sinadarin bilic zalla na ɗakin gwaji, a auna ƙarfinshi a sashen kimiyyar sinadarai kafin a taɓa shi, a ajiye a firij cikin kwalba mai duhu, kuma a haɗa ruwan wanki sabo a ranar da za a yi aiki. Oda daga Kano, bilic da aidin dubu 48. Ranar nan na koma gida ban iya cin abinci ba, ba kuɗin ba, rayuka 150 a banza.

Talata, 17 ga Disamba

Wanki da sabon kaya jiya. Yau da safe mafi yawa na raye, zuciya na bugawa. Na ɗebi ruwa kaɗan daga kowane filas na ɗiga a farantin aga, wato daskararren abincin noman bakteriya, da kuma kwalaben romon noman bakteriya iri biyu, da ɗaya na fumfuna, wasu a zafi 28 wasu a 37. In filas tas yake ba abin da zai tsiro.

Juma'a, 20 ga Disamba

Kifi sun rayu, tsabta ta faɗi. Kwalabe 8 cikin 10 sun yi gurɓi, a faranti ga ɗigo-ɗigo farare da ruwan ɗorawa, biyu har da fumfuna mai gashi. Kifin da bakteriya ɗaya ta shiga filas ɗinshi ya tashi daga wankakke, ba rabi-rabi a abin nan, cikin kwana ɗaya za ta cika ruwan ta cika hanjin.

Muka bi sawu. Ruwan reno shi kaɗai da na ajiye ba a buɗe ba bai tsirar da komai ba, ke nan otokilef na aiki. Sai muka buɗe farantin aga uku a cikin hud yana kunne na rabin awa ba wanda ya sa hannu, muka rufe muka sa a inkubeta. Duka ukun sun tsiro. Hud ɗin ne. Baba ya kwance murfin sama, filtar farko ta koma ja da ƙura, ta ciki kuma ya ce tun zuwanshi bai ga an canza ta ba. Ga hazo, in ka goge benci da safe kafin azahar za ka iya rubuta sunanka a kai, tagogin ɗakin luba ne ba sa rufuwa ruf. A takardun da nake karantawa daga Amurka da Jamus ba wanda ke maganar ƙura ko ɗauke wuta, layi ɗaya suke rubutawa wai an wanke ƙwai kamar yadda aka saba, a nan kuwa wannan layin shi ne rabin aikin.

Asabar, 28 ga Disamba

Makaranta ba kowa. Ciyarwa, canjin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, amoniya sifili. Ni da ƙanwata mun liƙe tagogi da leda da salatif, mun sa tsumma mai jiƙa a ƙarƙashin ƙofa, takalmi a waje.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Mai gyara ya zo daga Jos ranar Alhamis ya sa sabuwar filta, sashe ya biya tunda kowa na amfani da hud ɗin. Farantin gwaji uku, ba abin da ya tsiro. Wankin ranar Juma'a filas 9 cikin 10 tas suke har yau. Alhamdulillah, Alhamdulillah.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na fara taɓa dalma. Garin lid asitet ne, wato gishirin dalma mai narkewa a ruwa, fari, na auna da takunkumi da safar hannu biyu. Da na narka a ruwan da aka tace sai ya yi hazo-hazo fari maimakon garau. Iskar kabon da ke narke a ruwan ce ke kama dalmar ta zama gari ta kwanta, kuma in ta kwanta abin da kifi ke sha bai kai abin da ka rubuta ba. Wani abokina a sashen sinadarai ya ce in tafasa ruwan ya huce a rufe kafin in narka, in ɗiga asid kaɗan ƙwarai a uwar ruwan. Ya washe. Ba a sa shi a otokilef, ta filtar sirinji mai ramin maikiromita 0.22 na tace shi, ɗaya dubu 2,500 kuma sau ɗaya ake amfani da ita.

Wani abin lura, kalsiyam ɗin ruwa yana gogayya da dalma wajen shiga jiki, ta ƙofarshi take bi, haka take yi a ƙwaƙwalwa ma, ta zauna inda ya kamata kalsiyam ya zauna ta dagula saƙon jijiyoyi. Don haka duk rukunan dole ruwa ɗaya daga haɗi ɗaya, ba ruwan burtsatse ba na famfo.

Duk ruwan da dalma ta taɓa yana shiga jarka mai jan fenti, da fifet da safar hannu a leda daban. Na gaya wa mai shara, Iya don Allah kada ki taɓa jarkar nan ko an ce ki zubar. Ɗigo ɗaya ba zai bi kwata ba in sha Allah.

Talata, 14 ga Janairu

Gwajin ƙarfi, da kifin da ba a wanke ba, mataki biyar. A manyan matakai biyu na ga lanƙwasar baya, wasu kuma jakar iskarsu ba ta hura ba suna kwance a gindi. Waɗannan ba su da amfani a wurina, kifin da bayanshi ya karkace ba zai yi iyo ba ko ƙwaƙwalwarshi lafiya lau. Ƙananan matakai biyu na ɗauka, inda ido ba ya ganin komai a jiki, don irin wannan ce ta fi yawa a cikin mutane, yaro na yawo kamar lafiya sai an sa shi makaranta a ga ba ya riƙe karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Sai maganar kyamara. Gwajin shi ne a sa kowane ɗan kifi a raminshi a faranti, a kunna haske minti 10 a kashe minti 10 ana maimaitawa. Lafiyayye a haske yana natsuwa, da an kashe sai ya zabura ya yi ta iyo sannan ya lafa a hankali. Na'urar da ake sayarwa don wannan ta fi ƙarfin sashenmu gaba ɗaya. Waya kuma ba ta gani a duhu, alhali duhun ne inda labarin yake. Sai muka sayi kyamarar tsaro mai ganin dare dubu 35, kafinta ya yi min akwatin katako baƙi ciki dubu 14, kyamara a sama, faranti a kan farar roba, fitilar infrared a ƙasa tunda ita ba ta tayar musu da hankali. Fitilun jikin kyamarar na liƙe su da baƙin salatif saboda suna ƙyalli a kan ruwa. Bidiyon ina sa shi a ImageJ, manhajar auna hotuna, kyauta ce. Na zaɓi faranti mai rami 24 maimakon 96 don kyamarar ba ta da kaifin da za ta bi abu a ƙaramin rami.

Litinin, 20 ga Janairu

An fara na gaske. Rukuni uku daga iyaye ɗaya: wankakku, sai waɗanda aka wanke gobe a mayar musu da ƙwayoyi ta hanyar ɗiga musu ruwan tankin iyayensu, sai 'yan gida da ba a taɓa ba. Rukuni na biyun nan shi ne ginshiƙi, don su ma sun sha aidin da bilic da antibayotik, in suka bambanta da wankakku to ƙwayoyin ne suka kawo bambancin ba wahalar wanki ba. Kowane rukuni kashi uku, ba dalma, ƙarama, da mai ɗan yawa. Filas 27.

Alhamis, 23 ga Janairu

Sun ƙyanƙyashe, na sa dalma. Filas ɗaya na wankakku ya gurɓata, na fitar da shi. Ƙanwata ta canza wa filas ɗin lamba ta riƙe takardar a jakarta, ni ban san wane ne wane ba sai an gama lissafi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Rana ta 6, ɗaukar bidiyo daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya, kowane faranti na gauraya rukunan a ciki don kada wani rukuni ya faɗa layin gefe shi kaɗai. Kafin kowane ɗauka minti 20 a akwati su saba. Wuta ta tafi sau ɗaya inbata ta riƙe. Da aka gama na kashe su ba wahala da maganin sa barci na tirikein a ruwan ƙanƙara, na tara kowane filas a ƙaramin bututu na sa a firiza.

Alhamis, 30 ga Janairu

Mun buɗe takardar lambobi. Abin da ya fara faranta min, akwatin katakon nan yana aiki, zanen ya fito sarai, a haske layi na ƙasa, da duhu ya yi tsalle sannan ya gangaro, a duk rukunan. Tsakanin wankakku da sauran in ba dalma ban ga wani bambancin kirki ba. Masu bincike a hukumar kare muhalli ta Amurka sun ruwaito a 2017 cewa wankakkun kifi sun fi rawar kai, kuma bakteriya mai rai na gyara hakan amma wadda aka kashe da zafi ba ta gyarawa, sai dai su a rana ta 10 suka auna, wanda ke buƙatar ciyar da kifin da abinci mai rai wanda shi ma ba ƙwaya a jikinshi. Ban kai nan ba tukuna.

A masu dalma kuwa tsallen duhun ya yi ƙasa, kuma a idona ya fi yin ƙasa a wankakku. Na kai wa Malama jikina na rawa. Ta duba ta ce, "Filas nawa ne a kowane kashi?" Na ce uku ranki ya daɗe, ɗaya ma biyu. Ta ce to samfurinka uku ne ba 45 ba, kifin filas ɗaya ruwa ɗaya suka sha ƙwayoyi ɗaya suka ɗauka, je ka maimaita da iyaye daban-daban sannan mu yi magana. Ta kuma tuna min ɗan kifi ba ta baki kaɗai yake ɗaukar dalma ba, har ta fata, kuma bakteriyar da ke yawo a ruwan filas za su iya kama dalmar a jikinsu tun kafin ta kai ga kifin, sai ka zaci hanji ne ya kare shi alhali ruwan ne ya rage ƙarfi. Gaskiyarta ne, kuma hanyar rabewa ɗaya ce, a auna dalmar da ta rage a ruwa da wadda ta shiga jikin kifin.

Na'urar auna ƙarafa da ke nan mai aiki da harshen wuta ce, ba za ta ga ɗan abin da ke jikin kifi 15 ba, sai an aika waje inda ke da mai kaifi, ina jiran su turo farashin kowane samfur. Zuwa yau aikin ya ci wajen dubu 780 ban da filtar hud. Abin da ke gaba: maimaici uku kafin azumi, kowanne da iyaye daban, in dinga ɗibar ruwan filas a rana ta 3 da ta 6 ina sa mishi asid ina ajiyewa, sannan in ware bakteriya daga hanjin 'yan gida a faranti in ga ko zan samu Aeromonas, tunda tana cikin waɗanda suka fi yawa a hanjin kifin nan, in gwada mayar wa wankakku ita kaɗai. Zafi kuma na tafe, daga ƙarshen Fabrairu matsalar za ta juye ta koma yadda za a hana ruwa haura 30, don haka gobe zan je in ji kuɗin gyaran tsohuwar na'urar sanyaya ɗakin. Atimiya ta kusa ƙarewa, Asabar sai hanyar Dadin Kowa.